Hanta Ɗaya, Takardu Biyu

Kwana biyu da yi mana tiyata, ina kwance ko juyi ba na iyawa sai an kama ni, matar Yayana ta shigo ɗakin da nake riƙe da takardar gwajin jinin Yaya. Sallamarta ma da ƙyar na ji ta. Ta tsaya a bakin gado ta miƙo mini, ta ce, "Malam, kai ne mai karatu, duba mini. Na ga an ja jan layi a kusan kowace lamba."

Na karɓa na duba. AST 870. ALT 760. A gefe an rubuta abin da ya kamata a gani a jikin mai lafiya: ƙasa da 40. Nan take hantata ta kaɗa. Na tuna a Kaduna, lokacin da cikin Yaya ya cika da ruwa, idonsa ya yi ɗorawa, har ya yi aman jini, ALT ɗinsa bai taɓa wuce 58 ba. Yanzu an cire ruɓaɓɓiyar hantar an sa masa lafiyayya, tawa, ga lamba ta ninka fiye da sau goma. Ban ce mata komai ba, amma abin da ya zo mini a rai shi ne na ba ɗan'uwana abin da zai kashe shi.

Yaya ɗan kasuwa ne, yadi yake sayarwa a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, gidanmu kuma a Tudun Wada. Shi ya biya mini kuɗin makaranta bayan rasuwar Baba har na zama malamin lissafi. Shekaru da yawa da suka wuce ya je bayar da jini ga wani maƙwabci, aka ce ba za a ɗauki nasa ba domin yana da ciwon hanta nau'in B. Ya dawo ya ce ai lafiyarsa ƙalau, kuma a ido gaskiyarsa ne. Wannan cuta haka take: tana iya shekara ashirin tana cin hanta a ɓoye, jiki yana yaƙi da ƙwayar cutar, duk inda aka yi faɗan tabo ya fito, har hantar ta motse ta taurare. Da shawara ta bayyana sai aka shiga jiƙe-jiƙe, sassaƙe da saiwoyi, kowa da nasa. Ba na zargin kowa, don ƙauna ce ta sa. Amma mun yi asarar watanni.

Likitan ciki da muka samu daga baya ya ɗora shi a kan tenofobir, ya ƙwanƙwashe mu da gaskiya. Ya ce maganin zai danne ƙwayar cutar amma ba zai kwance tabo ba. Ya haɗa sakamakon bilirubin, wato sinadarin da ke sa ido ɗorawa, da na daskarewar jini da na ƙoda ya fitar da wani maki da ake kira MELD, wanda ke tashi daga 6 zuwa 40. Na Yaya 24. Ya ce, "Malam, ku fara maganar dashe, kuma ku fara ta yau."

Mu biyar ne a ɗakin Inna. Da aka gwada mu, uku suna ɗauke da cutar. Likitan bai yi mamaki ba. Ya ce binciken da aka yi a faɗin Najeriya a 2018 ya nuna kusan mutum takwas cikin ɗari na manya suna da ita, kuma akasari tun suna ƙanana suka ɗauka. Ni da wata yayata muka tsira, ita kuma tana da goyo. Jinina O ne, irin na Yaya. Babu wata doguwar shawara da na yi. Ana cewa ɗan'uwa rabin jiki, ni dai an nemi fiye da rabin hanta ne.

Inna ce ta tsaya. Ta ce ba za ta sa 'ya'ya biyu ƙarƙashin wuƙa rana ɗaya ba. Na zauna a gabanta na ce, "Inna, hanta ba kamar ƙoda ba ce, Allah Ya yi ta tana tofowa. In an yanka, cikin 'yan watanni ta kusa cika wurinta." Na faɗa mata tun 1989 wata uwa a Ostareliya ta ba ɗanta ƙarami wani yanki na hantarta, ya rayu ita ma ta rayu. Limamin unguwarmu ya zo ya ƙara mata da cewa majalisar malaman fiƙihu ta duniya da ta zauna a Jidda a 1988 ta halatta, muddin ba za a cutar da mai bayarwa ba kuma ba ciniki aka yi ba. Ta yi shiru mai tsawo, sannan ta ce, "Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo mini da ku ku biyu." Ban ɓoye mata cewa mai bayarwa ma yana cikin haɗari ba. Ta sani ta amince.

Maganar kuɗi ba zan tsawaita ba. Filin Yaya na Rigasa ya tafi, motarsa ta tafi, 'yan layinsu a kasuwa suka yi karo-karo, wasu da ban taɓa gani ba suka turo abin da ya sawwaƙa. Muka hau jirgin ƙasa zuwa Abuja neman bizar jinya, daga nan sai Delhi. Dokar Indiya ta 1994 a kan dashen sassan jiki mai tsauri ce: sai da aka yi mana gwajin jini na tabbatar da cewa uwa ɗaya ta haife mu, muka kawo takarda daga ofishin jakadancinmu, sannan wani kwamiti ya zaunar da ni ni kaɗai, ana ɗauka a bidiyo, ana tambayata ko an biya ni ko an tilasta mini. Aka ɗauki hoton hantata aka auna girmanta da kitsenta. Suka ce ɓangaren dama za su ɗauka, kusan kashi 62 cikin ɗari, domin ƙa'ida ita ce a bar wa mai bayarwa aƙalla kashi 30, shi kuma mai karɓa yankin da zai samu kada ya gaza kashi 0.8 cikin ɗari na nauyin jikinsa. Wannan lissafin na gane shi. Wanda ban gane ba shi ne na takardar da Anti ta kawo mini.

Da yamma wata matashiyar likita daga cikin tawagar ta shigo zagaye. Na nuna mata takardar, muryata na rawa. Ta duba ta ce wannan ta jiya ce. Ta buɗe kwamfutarta ta nuna mini ta safiyar ranar: AST 610. Sannan ta buɗe wata ta ce, "Wannan kuma taka ce." ALT ɗina 310. Ni da ban taɓa ciwon hanta ba.

Ta ja kujera ta zauna, kuma har gobe ina yi mata addu'a saboda wannan zaman. Ga yadda na fahimci bayaninta. AST da ALT sinadarai ne da ke zaune a cikin ƙwayoyin hanta suna aikinsu. Ba su da abin yi a cikin jini. Sai ƙwayar ta fashe ko ta ji rauni suke zubowa, kamar hatsi daga buhun da ya yage. Tsohuwar hantar Yaya ta riga ta zama tabo, buhunan da suka rage kaɗan ne, shi ya sa lambarta ba ta hawa ko da tana mutuwa. Sabuwar kuwa cike take, kuma ta sha wuya.

Wuyar ita ce na daɗe ina juyawa a raina. Lokacin da aka yanke yankin daga jikina, jini ya daina isa gare shi. Aka wanke shi da wani ruwa mai sanyi, aka ajiye shi a kan ƙanƙara, sanyin kamar digiri 4, don ƙwayoyin su rage cin abinci su jure rashin iska. Duk da haka ƙarfin da suka tara yana ƙarewa a hankali. Ni a tunanina da zarar an ɗinke jijiyoyi an saki jini, shi ke nan wahala ta ƙare. Ta ce a'a, a nan ne kashi na biyu na raunin yake farawa. Sai na tuna yadda ƙafa ke yi in mutum ya daɗe a zaune wurin tafsiri: tana mace ba ka jin komai, sai ka miƙe jini ya dawo sannan tsikari da zafi su taso. Iskar da ta dawo kwatsam cikin ƙwayoyin da suka galabaita tana haifar da wasu sinadarai masu ƙuna. Akwai kuma wasu ƙwayoyin tsaro da ke zaune a cikin hanta, ana kiransu da sunan Kupffer, Bajamushen da ya fara bayyana su. Su kan farka su ga ɓarna su yi kururuwa, su saki saƙonni irin su TNF da IL-6. Fararen ƙwayoyin jini su ji kira su yi dafifi, su toshe ƙananan hanyoyi, su ƙara ɓarna a garin kawo ɗauki. Wannan shi ne kumburin da likitoci ke nufi, ba irin wanda ake gani da ido ba.

Ta ce babu hantar da aka dasa da ba ta bi ta nan ba. Tamu ma da sauƙi, domin daga ɗakin tiyatata zuwa na Yaya bango ɗaya ne, ba ta daɗe a ƙanƙara ba. Wadda aka ɗauko daga mamaci a wani gari kan yi sa'o'i da yawa a sanyi, lambobinta su kan fi haka tashi. Abin da ke sa su damuwa a makon farko shi ne AST ko ALT ya haura 2,000, ko a kwana na bakwai bilirubin ya kai 10, ko ma'aunin daskarewar jini, INR, ya kai 1.6. Ta ƙara da cewa AST kan riga ALT sauka, don jiki na share rabinsa cikin ƙasa da kwana ɗaya, ALT kuwa sai kusan kwana biyu. "Kada ka kalli lamba ɗaya," in ji ta. "Ka jera ta jiya da ta yau, ka ga inda suka dosa."

A daren na roƙi Anti ta saya mini littafin rubutu. Na ja layuka kamar rajistar aji: kwanaki a gefe, gwaje-gwaje a sama, shafin dama na Yaya, na hagu nawa.

Kwana na uku wata lamba ta sake tayar mana da hankali, CRP. Ta Yaya ta kai 96, alhali a mai lafiya ba ta wuce 5. Na san ana auna ta ne in ana zargin ƙwayar cuta ta shiga jiki, don haka na yi zaton miki ya ruɓe. Likitar ta ce kowace babbar tiyata na ɗaga CRP, kuma a kwana na biyu zuwa na uku take kai ƙololuwa. Tawa ma 80 ce. Sai ta faɗi wata magana da ta sa ni hawaye. Ta ce hanta ce ke ƙera CRP, idan saƙon IL-6 ya iso mata. Yaya ba shi da wata hanta sai wadda aka sa masa. Ke nan wannan 96 ɗin da na tsorata da ita, naman jikina ne ya yi ta a cikin cikin ɗan'uwana. Ya ji kira ya amsa. Tare da haka INR na sauka, tsamin da ke taruwa a jini idan hanta ba ta aiki ya washe, kuma Yaya ya farka da hankalinsa har ya tambayi inda alƙibla take.

Ranar da aka tura ni a keke zuwa bakin gilashin ɗakinsa, ya ɗaga hannu da ƙyar. Leɓensa na gani ya motsa: "Auta." Sunan da yake kirana da shi ke nan tun ina yaro.

Mun ɗauka mun haye. Kwana na bakwai ALT ɗinsa ya sauko 140, an sallame ni zuwa masauki, ina takawa a hankali ina dafe da ciki. Kwana na tara sai ya koma 230. Washegari 390. Bilirubin da ya fara sauka ya juya sama, wasu lambobi biyu da ke nuna halin hanyoyin ruwan ɗaci, GGT da ALP, su ma suka bi. Yanzu na iya karanta littafina, kuma abin da ya nuna mini bai yi daɗi ba: raunin ƙanƙara da dawowar jini sau ɗaya yake hawa ya sauka, ba ya dawowa. Wannan wani abu ne daban.

A nan na ga aikin likitanci tsirara. Lambobin sun ce hanta na jin ciwo, amma ba su faɗi wanda ke dukanta ba. Abu uku ake tuhuma. Ko jijiyar da ke kai mata jini ta toshe, wanda shi ne mafi gaggawa, domin hanyoyin ruwan ɗaci da ita kaɗai suka dogara. Ko ƙwayar cuta ta shiga. Ko kuma garkuwar jikin Yaya ta gane baƙuwa ce ta far mata. Biyun ƙarshe su ne masu wuyar sha'ani, don maganinsu kishiyoyi ne: in cuta ce, ana so a sassauta wa garkuwa ta yi yaƙi, in ƙin karɓa ne, sai a ƙara danne ta. Ka yi kuskure ka danne garkuwar mai ɗauke da cuta, ka buɗe wa kura ƙofar garke.

Ɗaya bayan ɗaya suka bi. Hoton jijiyoyi ya nuna jini na gudu lafiya. CRP na ci gaba da sauka, ta dawo 22. Wani gwajin, prokalsitonin, wanda ya fi karkata ga ƙwayoyin bakteriya, yana ƙasa. Jinin da aka shuka a ɗakin gwaji don neman ƙwayar cuta bai tsirar da komai ba. A ɗaya gefen kuma wani nau'in fararen ƙwayoyin jini, iyosinofil, ya ɗan ƙaru, ma'aunin takrolimus, maganin da ke hana jiki ƙin dashen, ya faɗi zuwa 4 alhali suna nemansa tsakanin 8 da 10 a lokacin. Duk da haka babban likitan bai yarda ya yi hukunci da zato ba. Ya ce jini shaida ne, amma sai an ji daga bakin hantar. Aka sa allura aka tsakuro ɗan nama siriri kamar zare aka duba. Sakamako ya fito: ƙin karɓa ne, maki 5 cikin 9 a ma'aunin da suke amfani da shi.

Kalmar ta yi mini nauyi. Ni da Yaya da ake ce mana hanta da jini, ga jininsa yana ƙin hantata. Na faɗa wa likitar haka. Ta ce garkuwar jiki ba ta san zumunta ba, aikinta kawai take yi, kuma wannan abu ne da suke yawan gani a makonnin farko, akasari yana jin magani. Aka ba shi sitiroyid mai ƙarfi ta jijiya kwana uku, aka ƙara takrolimus. Sukarinsa ya hau har sai da aka haɗa da allurar insulin, hannunsa na karkarwa in ya ɗauki kofi, barci ya ƙaurace masa. Kwana huɗu da fara maganin na rubuta ALT 210. Sai 120. Sai 74. Ban taɓa jin daɗin ganin lamba tana raguwa irin na wannan makon ba.

Kusan wata uku muka yi kafin aka bar mu mu dawo. Mun sauka Kaduna cikin hunturu, Yaya sanye da takunkumi, 'yan'uwa sun cika gida kowa na son rungumarsa, ni kuma na tsaya a ƙofa ina ba mutane haƙuri ina miƙa musu ruwan wanke hannu. Wasu sun ji haushi. Inna ce ta raba gardama, ta ce duk mai mura ya yi gaisuwa daga zaure.

Abin da ba a cika faɗa wa mutane ba shi ne aikin na gaskiya a gida yake. Yaya na shan takrolimus sau biyu a rana, tsakani sa'a 12 cif, tare da maganin ciwon hantar da ba zai taɓa dainawa ba, don ƙwayar na iya komawa cikin sabuwar. Gwajin takrolimus kuma da safe ake yinsa kafin a sha na safen. Wata rana ya manta da wannan ƙa'ida, ya sha maganin sannan muka tafi ɗakin gwaji. Jinin sai an aika wani gari, muka jira kwanaki, sakamako ya zo 19. Anti ta kira ni tana kuka. Littafin ne ya cece mu: ƙoda lafiya, sauran lambobi ba su motsa ba. Na tambaye shi, "Yaya, ranar ka sha magani kafin mu fita?" Ya yi shiru, ya ce, "Na sha, Auta." Aka maimaita, ya fito 7.

Masu kawo magani ma ba su fasa ba. Wani dattijo abokin Baba ya zo da ƙullin sassaƙe, ya ce ai na gargajiya daga ƙasa yake, ba ya cutarwa. Yaya ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya, ya ce, "Baba, wanda nake sha ma daga ƙasa yake. A cikin ƙasar wani wuri a Japan aka samo ƙwayar da ke yinsa, a 1984. Amma likita ya ce ba ya son abokin zama." Gaskiya ya faɗa: hanta ce ke sarrafa takrolimus, kuma abubuwa da yawa, har wasu magungunan asibiti irin na tarin fuka, suna iya ɗaga shi ko su kayar da shi. Ƙullin yana nan a ajiye, ba a kwance ba.

Da damina ta shigo ya yi zazzaɓi, ɗan kaɗan, 37.9. A Kaduna kowa ya san abin da ake yi: a aika yaro kemis ya sayo na cizon sauro. Na ƙi. An gargaɗe mu cewa maganin danne garkuwa na rufe zazzaɓi, ƙaramin zafi na iya ɓoye babbar cuta. Muka tafi asibiti da daren. Gwajin cizon sauro bai nuna komai ba, CRP kuwa 88, alhali wata biyu tana ƙasa da 5 a littafina. ALT bai motsa ba. Na miƙa wa likitanmu littafin, ya bi shafukan da yatsa, ya ce a duba fitsari. A can cutar take. Ya zaɓi maganin da ba zai taɓa takrolimus ba, ya tura wa likitocin Delhi sakamakon ta WhatsApp, suka amince. Kwana biyar CRP ta dawo 14.

Yanzu littafi na biyu nake ciki. Shafina na hagu ya daɗe ba a rubuta komai a kai ba, don hoton ƙarshe ya nuna hantata ta kusa cike gurbinta, na koma aji, tabon ne kawai ke ɗan ja in na ɗaga hannu zuwa saman allo. 'Yan'uwanmu biyu masu ɗauke da cutar suna zuwa gwaji da hoto duk wata shida, ɗaya an ɗora ta a kan magani. Watan jiya matata ta haihu da asuba, kafin la'asar na tabbatar an yi wa jaririyar allurar rigakafin ciwon hanta, don cikin sa'a 24 na farko ake so. Yaya ne ya yi mata huɗuba. Ya koma shago, rabin yini yake yi, yaransa na ƙarasa sauran. Gwajinsa na makon da ya wuce: ALT 27, bilirubin 0.8, CRP 3, takrolimus 6. Na gaba ranar Litinin ne, ƙarfe bakwai da rabi na safe, kuma na riga na gaya wa Anti ta riƙe kwalbar maganin a jakarta sai an gama ɗibar jinin.